Lissafin farashin filaye a Kano: nisa daga tsakiyar gari ya ƙi bayyana mini kuɗin fili

Abban Khadija

Assalamu alaikum malamai. Ina da bayanan filaye 340 da aka sayar ko aka sa a kasuwa a Kumbotso, Ungogo, Nassarawa da Gwale tsakanin 2021 da 2024. Kowane fili akwai kuɗinsa, girmansa, unguwarsa, da lambar GPS da aka ɗauka da waya a bakinsa. Abin da nake son ganowa shi ne, a cikin kuɗin fili, nawa ne wurin da yake ya jawo.

Na yi lissafin OLS, wato hanyar ja miƙaƙƙen layi ɗaya da ya fi dacewa da bayanai: kuɗin fili a gefe guda, a ɗaya gefen girmansa da nisansa daga Kasuwar Kurmi a kilomita. R², wato kason bambancin kuɗin da lissafin ya iya bayyanawa, daga 0 zuwa 1, ya tsaya a 0.31. Abin da ya fi damuna, samfurin, wato tsarin lissafin, yana rage wa kusan duk filayen Hotoro da na gefen titin Zariya kuɗi, yana kuma ƙara wa na can bayan Panshekara. Wasu filayen nesa ma ya ba su farashi ƙasa da sifili. Matsalar daga bayanan take ko daga hanyar lissafin? An ba ni shawara in koma GWR kai tsaye, wato hanyar da ke yin lissafi daban a kowane wuri. Ya dace?

Hajiya Mai Ƙiyasi

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tun kafin a kai ga GWR, dawo kan maganarka ta farko: "da aka sayar ko aka sa a kasuwa". Kuɗi iri biyu ka gwamutsa. Kuɗin bakin dillali shi ne inda ake buɗe ciniki, kuɗin sallama kuwa shi ne inda aka tsaya bayan taya da albarka. Kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ɗaya ba ce a ko'ina. Inda masu saye ke rububi, sallama takan zo dab da kuɗin baki. A bayan gari, inda fili kan shekara ba a ko taya shi ba, ragin yakan yi yawa. Ka ga ke nan kuskuren da kansa yana bin wuri, wuri kuwa shi ne abin da kake son aunawa. Ko dai ka ware na sallama zalla, ko ka buɗe sabon ginshiƙi a jadawalinka, 1 ga na sallama, 0 ga na baki. Ka kuma tabbatar ko la'adar dillali tana cikin adadin. Hatta kuɗin da ke rubuce a takardar ciniki kada ka karɓa ido rufe, domin ba sabon abu ba ne mai saye da mai sayarwa su rage adadin don kuɗin rajista ya zo da sauƙi.

Sai takarda, wadda ban ga ka ambata ba sam, alhali a kasuwar fili a nan gizo ke saƙa. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar birni tana hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne. Don haka fili mai C of O (takardar shaidar haƙƙin zama ta gwamnati), da awon gwamnati mai takardar rabo kawai, da awon igiya da ke tsaye kan shaidar mai unguwa ko dagaci, kaya uku ne daban ko da suna kallon juna a layi ɗaya. Awon gwamnati kuma ba a warwatse yake ba, ya taru a wasu unguwanni. In ba ka sa takarda a lissafin ba, samfurin zai kwashe darajarta ya ɗora wa wuri. Ina kyautata zaton wani ɓangare na abin da kake gani a Hotoro daga nan yake. Ginshiƙi biyu za ka buɗe, ka bar awon igiya a matsayin abin kwatance.

Lokaci ma haka. An cire tallafin man fetur a Mayun 2023, aka saki naira a Yuni, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Miliyan biyar ta 2021 ba ita ce miliyan biyar ta 2024 ba. Wasu sukan daidaita kuɗin da alƙaluman farashin kaya na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ni na fi son a bai wa kowane rabin shekara ginshiƙinsa, wato guda bakwai ga zango takwas, don fili ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kwanon masara. Idan naira na zubewa, a fili mutane ke ɓoye kuɗinsu.

Kalmar "fuloti" kuma ba ma'auni ba ce. Ƙafa 50 da 100 murabba'in mita 464.5 ne, 50 da 50 kusan 232, 100 da 100 kuma 929, dukansu kuwa za ka ji dillali ya kira su fuloti. Mayar da komai murabba'in mita. Sannan ka koma filayen, ko ka tambayi waɗanda suka san su, ka cike abubuwan da mai saye ke dubawa da idonsa: bakin kwalta ne ko layi na uku, yana da kwana mai fuska biyu, mota na iya shiga layin da damina, tsohon kududdufi ne da aka cike, yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Filin gado da aka sayar tsakanin 'yan'uwa, da wanda aka karyar saboda matsuwa, cire su, ba farashin kasuwa ba ne.

Malam Ƙididdiga

Abin da Hajiya ta faɗa shi ne tushe, tun ran gini tun ran zane. Bari in ɗora a kan siffar lissafin.

Farashi ƙasa da sifili laifin miƙaƙƙen layi ne. Ka tilasta wa samfurin ya ce kowace kilomita tana cire adadin naira iri ɗaya, ko daga ta 2 zuwa ta 3 ce, ko daga ta 18 zuwa ta 19. Kasuwa ba ta haka: kuɗi kan faɗi da sauri a kusa, sannan ya lafa. Maganinsa logaridim, wato ln, lissafin da ke auna sauyi da kaso maimakon adadi. Ka sa ln na kuɗi a hagu, ln na girma da ln na nisa a dama. Daga nan nauyin kowace siffa, wato lambar da samfuri ke ba ta don nuna tasirinta a kan kuɗi, ya koma maganar kaso. A ce nauyin nisa ya fito −0.4: in nisa ya ninka, kuɗi ya ragu da kusan kashi 24 cikin ɗari, don 2 a ƙarfin −0.4 yana ba da 0.76. A ce na girma ya fito 0.8: fili mai ninkin girma ya fi tsada da kashi 74 ne kawai, ba 100 ba, wanda ke nuna ƙananan filaye sun fi tsada a kan kowane murabba'in mita. Wannan ne ya sa ko da ka raba kuɗi da girma, sai ka bar ln na girma a dama. Ga ginshiƙan 1 da 0 kuma a kula: nauyi 0.30 ba kashi 30 ba ne, e (tushen ln, kusan 2.718) a ƙarfin 0.30 shi ne 1.35, wato kashi 35. Da yawa sukan yi tuntuɓe a nan.

Wannan hanya ta fasa farashi zuwa siffofinsa, Sherwin Rosen ne ya kafa mata ginshiƙi a 1974. Ra'ayin cewa kuɗin ƙasa na raguwa da nisa daga cibiya kuwa ya samo asali tun daga von Thünen a 1826, William Alonso ya shigo da shi birni a 1964. Amma birnin da suka zana cibiya ɗaya gare shi. Kano tana da su barkatai. Mai neman fili a Rijiyar Zaki yana duba titin Gwarzo da sabon matsugunin Jami'ar Bayero, ba Kurmi ba. Na hanyar Katsina yana duba Dawanau. Na Kumbotso yana duba titin Zariya da masana'antun Sharaɗa da Challawa, kuma kusanci da masana'anta takobi ne mai kaifi biyu: akwai aiki da hanya, akwai wari da gurɓataccen ruwa. Don haka ka auna nisa zuwa kwalta mafi kusa, zuwa babban titi, zuwa yankin Kantin Kwari da Sabon Gari, da zuwa cibiya ta biyu mafi kusa da filin.

Sai dai kada ka zuba nisa goma a tukunya ɗaya. Kurmi, Kwari da Singa kusa suke da juna, duk filin da ya yi nesa da ɗaya ya yi nesa da sauran, samfurin ba zai iya rarrabe su ba. Alamarsa ita ce ka ga nauyi ya juya, ya ce nisa yana ƙara kuɗi. Duba VIF, ma'aunin yadda siffa ke maimaita sauran; wanda ya haura 10 a cire ko a haɗe, daga 5 ma a fara sa ido. Da filaye 340, siffofi 15 zuwa 20 har da na lokaci sun ishe ka.

Yanzu ga abin da ka riga ka gano da kanka ba tare da ka sa masa suna ba. Ragowar kowane fili, wato kuɗin gaskiya a debe na samfuri, ya kamata ta watsu a taswira kamar an watsa tsaba. Taka ta taru, masu ƙari a Hotoro, masu ragi a Panshekara. Waldo Tobler ya faɗa a 1970 cewa abubuwan da ke kusa sun fi alaƙa da juna a kan na nesa. OLS kuwa yana ɗaukar kowane fili a matsayin shaida mai zaman kanta. Idan maƙwabta na maimaita juna, shaidunka ba su kai 340 ba, ma'aunin kuskure zai fito ƙarami fiye da gaskiya, ka ga siffa ta yi kamar tana da tasiri alhali babu.

Ana auna wannan da Moran's I, lambar da ke nuna yadda ragowar maƙwabta ke kama da juna. Ka gina jadawalin maƙwabtaka, kowane fili da maƙwabtansa 6 ko 8 mafiya kusa, nauyin kowane layi ya taru ya ba da 1. Maƙwabta mafiya kusa sun fi da'ira mai tsayayyen faɗi dacewa da bayananka, domin a bayan gari da'irar mita 500 za ta bar wasu filaye ba maƙwabci ko ɗaya. Ka gwada ta hanyar cakuɗa ragowar a taswira sau 999, don ganin ko taruwar dace ce kawai. Manhajar GeoDa kyauta ce kuma tana yin duk wannan da dannawa; a manhajar R kuma akwai ƙunshin spdep da spatialreg. In Moran ya nuna taruwa, ka fara da kallon taswirar ragowar ka tambayi kanka me ke wurin da ba ya cikin jadawali. Sau da yawa sabuwar kwalta ce, ko kwari mai ambaliya. Sai bayan ka ƙara abin da za a iya aunawa, sannan ka duba gwaje-gwajen LM na Luc Anselin, masu nuna irin alaƙar wurin da ta rage. Idan na ɓangaren kuskure ya fi ƙarfi, akwai wani abu na unguwa da ba ka auna ba, sai ka ɗauki samfurin kuskuren wuri. Idan na tasirin maƙwabta ne, farashin kusa da kansa ke jan farashi, kamar yadda dillali ke kafa hujja da "na gefensa an sayar kaza". A wannan na biyun ba a karanta nauyi kai tsaye: in rho, ma'aunin yadda farashin maƙwabta ke jan na fili, ya fito 0.4, jimillar tasiri takan kai kusan 1.67 na nauyin da ka gani, don haka sai an fitar da tasirin kai tsaye da na kewaye daban.

Injiniya Taswira

Malam, a gafarce ni, akwai abin da ya riga Moran: da wane ma'auni aka auna nisan? Waya tana ba da digiri ne. In aka yi lissafin nisa da digiri kai tsaye, an yi aikin banza, kuma jadawalin maƙwabtakar ma zai karkace. A manhajar taswira ta QGIS ka mayar da komai zuwa tsarin awo na UTM shiyya ta 32 ta arewa, mai lamba EPSG:32632, sai ya koma mita. Idan ka kwafi wasu lambobin daga takardun safiyo, duba ko a kan ma'aunin Minna suke, wato tsohon ma'aunin safiyo na Najeriya, EPSG:26332 ko 26392. Bambancinsa da na GPS yana kai gomomin mitoci, wanda ya isa ya ɗauke fili daga bakin titi ya kai shi layi na biyu, ko akasin haka. Kuskuren waya na mita 5 zuwa 10 ba ya cutar da nisan kilomita, amma "bakin kwalta" a rubuta shi da ido, kada a bar wa kwamfuta.

Ka kuma nemi tagwaye. Fili ɗaya yakan shiga hannun dillalai uku, kowa da kuɗinsa. Duk maki biyu da ke ƙasa da mita 15 tsakaninsu kuma girmansu ɗaya, a bincika. Tagwayen nan suna kumbura Moran ba gaira ba dalili.

Nisan tsuntsu ma ba shi ne nisan mai babur ba. Layin dogo, kogin Challawa, rafin Jakara da katangar filin jirgin sama duk suna raba unguwannin da a taswira suke manne. Sauke titunan OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta, ka auna ta kan hanya, amma ka gwada su da hoton tauraron ɗan'adam, don sababbin unguwanni ba duka aka zana ba, kuma titin da aka yi wa kwalta a 2023 bai kamata a lissafa wa cinikin 2021 ba. Tsofaffin hotunan Google Earth za su nuna maka lokacin. Siffofi biyu da ke da amfani ƙwarai a bayan gari: yawan gine-gine a cikin mita 300 daga filin, wanda ke nuna ko gari ya iso, da tudun filin idan an kwatanta da kewayensa daga bayanan tudun ƙasa na SRTM masu faɗin mita 30, wanda ke nuna inda ruwa ke kwanciya.

Game da GWR, ban ba ka shawara ba a yanzu. Brunsdon, Fotheringham da Charlton suka fito da ita a 1996. Tana yin lissafi daban a kowane maki, da maƙwabta na kusa suna da nauyi fiye da na nesa. Taswirarta na da kyan gani, shi ya sa ake son ta. Amma da siffofi 15, kowane lissafi na buƙatar filaye da yawa, sai faɗin da'irar ya buɗe har ya haɗiye rabin bayananka, ka dawo kusa da OLS. In ka matse shi kuma, za ka tarar da unguwar da duk filayenta awon igiya ne, ginshiƙin takarda ba ya motsi, lissafin ya tsaya ko ya ba da shirme. R² ɗinta kullum yakan fi girma, amma wannan ba hujja ba ce, AICc ake dubawa, ma'aunin da ke cin tarar samfuri in ya cika sarƙaƙiya. Abin da ya fi dacewa da adadinka shi ne GAM, samfurin da ke barin layi ya lanƙwasa, a ƙunshin mgcv na R, siffofin fili su zauna da nauyi ɗaya, a ƙara lanƙwasasshen shimfiɗi s(x, y) da zai kama darajar wuri. Shimfiɗin nan shi ne taswirar da kake nema.

Abban Khadija

Allah ya saka da alheri. Na cire tagwaye da na gado, na bar na sallama zalla, saura 236. Da logaridim, takarda, lokaci, kwalta da yawan gine-gine, R² ya hau 0.69. Moran na ragowa 0.17 ne, kuma gwajin kuskure ya fi ƙarfi. Saura biyu: yaya zan mayar da sakamakon zuwa naira, kuma yaya zan amsa tambayata ta asali, kason wuri?

Malam Ƙididdiga

Madalla. In ka ɗauki e a ƙarfin abin da samfuri ya ba ka, farashin tsakiya za ka samu, wato wanda ke tsakiyar jeri in an jera farashi daga ƙarami zuwa babba, ba matsakaici ba. Don ƙiyasin fili ɗaya, na tsakiyan ya wadatar. In kuwa jimillar darajar unguwa kake so, sai ka yi gyaran Duan na 1983: ka ɗauki e a ƙarfin kowace ragowa, ka fitar da matsakaicinsu, ka ninka da shi. Idan bazuwar ragowa ta kai 0.4, gyaran kusan kashi 8 cikin ɗari ne.

Kada 0.69 ta ruɗe ka, a kan filayen da samfurin ya riga ya gani aka auna ta. Ka raba bayanan kashi biyar, ka ɓoye ɗaya, ka koyar da huɗu, ka gwada, har ka zagaye. Amma kada ka raba da ƙuri'a, domin maƙwabcin kowane ɓoyayyen fili zai kasance cikin na koyarwa, ya sato masa amsa. Ɓoye unguwa sukutum, ko murabba'in kilomita 2 da 2. Sakamakon zai ragu, kuma shi ne na gaskiya ga wurin da ba ka da ciniki. Sannan ga kowane fili ka yi lissafin rabawa, ƙiyasi a raba da kuɗin sallama. Ƙa'idar IAAO, ƙungiyar masu ƙiyasin harajin kadara, tana son tsakiyar wannan rabo ta faɗa tsakanin 0.90 da 1.10, COD, ma'aunin yadda rabon ke bazuwa daga tsakiyar, na filin da ba gini kuma kada ya wuce 25. Ka duba masu tsada da masu araha daban. Samfura sun saba rage wa manya su ƙara wa ƙanana.

Kason wuri ba lamba ɗaya ba ce, don takarda da wuri sun cuɗanya. Ka yi lissafi biyu: nawa R² ke ƙaruwa in siffofin wuri suka shiga farko bayan na lokaci, nawa kuma in suka shiga ƙarshe. Na farko shi ne rufi, na biyu daɓe, ka kawo su duka. Wanda ya fi shiga kunnen mai karatu shi ne ka ɗauki fili ɗaya na misali, 50 da 100, mai C of O, layi na biyu, zangon ƙarshe na 2024, ka zagaya da shi unguwa-unguwa a cikin samfurin, ka nuna yadda kuɗinsa ke sauyawa, kowanne da iyakar kuskurensa ta sama da ta ƙasa.

Hajiya Mai Ƙiyasi

Ka yanke taswirar a iyakar inda kake da ciniki. Cikin ganuwa da Nassarawa GRA kusan babu filin da ba gini. Abin da ake saye a can tsohon gida ne don a rushe, kuma wannan kasuwa ce daban da sai an cire kuɗin rusau da kwashe ɓaraguzai kafin a san kuɗin ƙasa. Shimfiɗin s(x, y) zai ba ka lamba a wurin in ka tambaye shi, amma ba shi da shaida. Duk inda ciniki mafi kusa ya wuce kilomita ɗaya, bar shi fari.

Nauyin kwalta kuma kada ka rubuta shi da cewa "kwalta ta ƙara kaza", don sau da yawa inda kuɗi ya riga ya zauna can ake kai ta. In kana son tasirin titi da kansa, nemi titi ɗaya da aka yi tsakanin 2021 da 2024, ka tattara cinikin mita 300 daga gare shi kafin da bayan aikin, ka kwatanta sauyin da na filayen unguwar da ke nesa da shi a zangon guda. In wani rukuni cikin huɗun nan, na kusa da na nesa, kafin aikin da bayansa, bai kai ciniki 20 ba, ƙara tattarawa tukuna.